Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Maganin Gyambon Ciki A Madekali

Madekali gari ne na bakin Kogin Kwara a arewacin ƙasar Benin, cikin gundumar Malanbil. Tsallaken kogin ƙasar Nijar ce, wanda kuma ya miƙe gabas ba zai yi nisa ba zai shiga Nijeriya ta wajen Lolo da Illo a Jihar Kebbi. Dandawa ne suka fi yawa a wurin, tare da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, abin da suka fi dogara a kai kuwa shi ne noman shinkafa da albasa da kamun kifi. Babbar kasuwarsu ita ce ta Malanbil, wadda ake lissafta ta biyu a girma a ƙasar bayan kasuwar Dantokpa ta Kwatano. Inda ƙasashe uku suka haɗa iyaka kaya sukan shigo ta kowace fuska, magani ma haka. Akwai 'yar mai ganye da tallenta na sassaƙe da saiwoyi, akwai mai tebur da ƙwayoyin Bature, akwai kuma mai lasifika da kwalabensa na jiƙo.

Cikin cututtukan da ake yi wa tallar magani, kaɗan ne suka kai olsa kasuwa, watau gyambon ciki. Duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi, ko ƙwannafi ya dame shi, ko ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari da tsakar dare, sai ya ce olsa ce. Masu tallar jiƙo kuwa maganganu uku ne ba sa barin bakinsu. Ta fari, yunwa ce ke kawo olsa. Ta biyu, masana sun gwada wannan itace sun tabbatar yana warkarwa. Ta uku, abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa. Manomi yakan sayar da buhun shinkafa bisa ga waɗannan maganganu, wani lokaci kuma ransa ne yake jingina a kansu. Saboda haka ya kamata a ɗora su a kan ma'auni ɗaya bayan ɗaya.

Kafin wannan akwai abin da ya kamata a kawar daga hanya. Cikin masu bi akwai waɗanda ke ƙyamar kowane sassaƙe domin suna ganin hanyar boka ce, akwai kuma waɗanda ke karɓar kowace kwalba domin, in ji su, Allah ne ya halicci itatuwa. Ganye ba tsafi ba ne. Littafin Ishaya ya ba da labarin yadda aka ɗora curin ɓaure a kan marurun Sarki Hezekiya, ba wanda ya kira wannan bautar gumaka. Amma kasancewar itace halittar Allah bai mai da maganar mai sayar da shi gaskiya ba. Abin tambaya a nan shi ne ko kwalbar tana yin abin da aka ce tana yi.

Abin da ke kawo gyambon

Tumbin mutum yana fitar da wani ruwa mai tsami ƙwarai domin narkar da abinci, likitoci suna kiransa asid. Abin da ya hana wannan ruwa cin naman tumbin kansa shi ne wani yauƙi da ke shafe a bangonsa. Sa'ad da wani abu ya raunana wannan kariya, sai ruwan ya ƙone wurin ya zama gyambo, ko a cikin tumbin ko a farkon ƙaramin hanji. Shekaru da yawa likitocin duniya suna cewa damuwa da yaji da yawan asid ne sanadi.

A shekarar 1979 wani likita mai duba nama a madubin likita, Robin Warren, a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, ya lura da wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa a naman tumbin marasa lafiya. Ƙaramin likita Barry Marshall ya haɗa kai da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji ba su dace ba, sai a 1982, lokacin da aka bar faifan gwajin kwanaki saboda hutun Ista, aka dawo aka tarar ta tsiro. Da manyan likitoci suka ƙi yarda, Marshall ya shanye ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura, ya yi ta amai. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke kawo sankarar tumbi, a 2005 kuma aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel.

Ƙwayar ba baƙuwa ba ce a ƙasashen nan. Wani likita mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta a 1992 cewa mafi yawan mutanen arewacin Nijeriya suna ɗauke da ita tun suna yara. Wani babban lissafi da aka buga a 2017 ya sa Nijeriya cikin ƙasashen da abin ya fi yawa, fiye da mutum 8 cikin 10. Ana ɗaukarta ne a gida, daga baki zuwa baki, da ta ruwan sha da abincin da ƙazanta ta taɓa. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin kome har tsufansu, amma kimanin ɗaya ko biyu cikin goma sukan yi gyambo.

Sanadi na biyu yana kan teburin mai ƙwayoyi. Magungunan kashe ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac suna rage yauƙin nan da ke kare tumbi. Garin Alabukun da ake sha da ruwa, asfirin ne a cikinsa da sinadarin da ke cikin gahawa. Manomin da ya wuni a fadama yana dashen shinkafa, da matuƙin kwalekwale, da ɗan dako a kasuwar Malanbil, sukan haɗiyi biyu ko uku da safe ba su ci kome ba, gobe ma haka. Ruwa ba ya tsami banza. Taba da giya kuma suna hana gyambon rufewa.

To, ina yunwa? Mai gyambo a farkon hanji yakan fi jin ciwo sa'ad da cikinsa ba kome, in ya ci abinci ya sami sauƙi, shi ya sa mutane suka ɗora wa yunwa laifi. Abin da suka lura da shi gaskiya ne, fassarar ce ta karkace. Yunwa da barkono suna tsokanar ciwon da yake akwai, ba su ne suka haƙa ramin ba. Maganar farko ta mai lasifika ta faɗi, faɗuwarta kuwa tana da nauyi, gama wanda bai san sanadin cuta ba, ba shi da hanyar sanin ko maganinsa ya taɓa sanadin.

Abin da itatuwan ke yi da gaske

Ba adalci ba ne a ce kakanni ba su san kome ba. Likita John Dalziel, wanda ya fara aikinsa a asibitin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo arewacin Nijeriya a 1905, ya bi kasuwanni da dazuzzuka yana tambayar sunayen itatuwa da amfaninsu. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsire-tsire da Hausa, a 1937 kuma babban littafinsa a kan itatuwa masu amfani na Afirka ta Yamma. Itacen hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi, har yau sunan Dalziel yake ɗauke da shi a bakin masana. Daga baya Farfesa Edouard Adjanohoun, ɗan ƙasar Benin, ya ja ayarin masana suka zauna da masu maganin gargajiya suna rubuta abin da suka faɗa. Littafin Nijar ya fito a farkon shekarun 1980, na Benin a 1989. Wannan aiki ne mai daraja, gama tsoho in ya mutu da saninsa yake tafiya. Sai dai mai karatu ya riƙe abu ɗaya: littattafan nan rajista ce ta abin da ake sha, ba su gwada kome a kan mara lafiya ba. Shigar sunan itace cikinsu shaida ce cewa mutane suna amfani da shi, iyakarta ke nan.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa mai shan jiƙo yakan ji sauƙi, dalilin kuma ba asiri ba ne. Bagaruwa tana da wani sinadari mai bauri, shi ne wanda majema ke jima fata da shi, yana tsuke nama ya yi masa kamar rufi. Irinsa yana cikin sassaƙen marke da ganyen sabara. Kuɓewa da karkashi da lalo suna da yauƙi mai kwanciya a bangon ciki, a 2004 ma waɗansu masana a Jamus sun ga ruwan ɗanyar kuɓewa yana hana ƙwayar nan mannewa da naman tumbi a cikin faifan gwaji. Kanwa kuwa tana kashe tsamin asid nan take, kamar yadda farin ruwan maganin kyamis yake yi. Wanda ya sha waɗannan ya ce zafin ya lafa, ba ƙarya yake yi ba. Kuskuren yana wurin da aka ɗauki lafawar zafi a matsayin warkewar cuta.

An gwada, amma a kan wa?

Maganar mai lasifika ta biyu tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ta fi haɗari. Lalle an gwada itatuwan nan. Masu bincike a cibiyar nazarin magunguna ta tarayya da ke Abuja sun buga sakamakon gwajin sassaƙen hano a 2004, da na saiwar sabara a 2005, an kuma yi irin wannan da bagaruwa da zogale da maɗaci a jami'o'i da dama. Amma ga yadda ake irin wannan gwaji. Ana hana ɓeraye abinci kwana ɗaya. Sa'an nan a ɗura wa waɗansu ruwan itacen, waɗansu a ba su ruwa zalla. Bayan kamar sa'a ɗaya a ɗura musu duka barasa mai ƙarfi ko maganin kashe ciwo mai yawa domin a ƙona tumbinsu da gangan. Bayan 'yan sa'o'i a yanka su a ƙirga raunukan. In waɗanda suka sha itacen raunukansu sun fi kaɗan, sai a rubuta cewa itacen yana kare tumbi.

Mai karatu ya dubi nisan da ke tsakanin wannan ɓera da manomin Madekali. Ɓeran ya sha maganin tun kafin rauni ya same shi, manomin kuwa ya shekara uku da gyambonsa. Raunin ɓeran na wuni ɗaya ne, na barasa, babu ƙwayar cuta a cikinsa. An auna abin da aka ba ɓeran daidai da nauyin jikinsa, mai kwalba kuwa da tafin hannu yake awo. Gwajin ɓera matakin farko ne mai kyau, yana nuna itacen da ya cancanci a ci gaba da bincikensa. Masanan da suka yi shi yawanci sukan rufe rubutunsu da cewa ana bukatar ƙarin bincike. Wannan jimla ce ba ta kaiwa kasuwa.

Cikin ƙasashen da suka matsa gaba a wannan fanni akwai Mali. Tun 1968 gwamnatinta ta kafa cibiyar maganin gargajiya a Bamako, wadda Farfesa Mamadou Koumaré ya fara shugabanta. Cibiyar tana sarrafa waɗansu magungunan gargajiya da awo da tsabta, ana sayar da su a kantunan magani da izinin hukuma. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gastrosédal, na ciwon tumbi da gyambon ciki, garin saiwar wani tsiro ne mai ɗaci wanda Dalziel ya rubuta sunansa na Hausa, domashi. Farfesa Rokia Sanogo da abokan aikinta sun nuna a 1996 cewa yana kare tumbin ɓeraye, masana daga Oslo ta ƙasar Norwe kuma sun yi shekaru suna nazarin abin da ke cikinsa, shi da saiwar rawaya. Har an gwada shi a kan mutane. A gwaji ɗaya an ba masu gyambon tumbi 16 giram 6 kowace rana har kwana 30. Rabinsu sun sami sauƙin ciwo, mutum 6 kuma gyambonsu ya rufe.

Mutanen Mali sun cancanci yabo, gama sun auna, sun ƙirga, sun faɗi adadin yadda yake. Amma shida cikin goma sha shida yana bukatar abin da za a kwatanta shi da shi. Gyambon ciki cuta ce mai zuwa da tafiya, yana rufewa da kansa ya sāke buɗewa. A gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka, an riƙa ba waɗansu marasa lafiya holoƙon ƙwaya, watau ƙwayar da ba magani a cikinta, ba tare da sun sani ba. Cikin mako huɗu kimanin kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci fiye, gyambonsu ya rufe. Shida cikin goma sha shida bai wuce wannan da wani abu ba. Wannan bai nuna domashi banza ne ba, yana yiwuwa yana aiki. Abin da ya nuna shi ne gwajin bai isa ya raba aikin domashi da aikin lokaci ba, tun da ba a ajiye wani rukuni da aka ba holoƙo ba. In haka ne matsayin maganin da gwamnati ta tsaya masa, ina ga kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba?

Nan ne kuma amsar shaidar da ake yawan bayarwa, cewa wane ya sha ya warke. Cikin mutum goma da suka sayi kwalba, uku ko huɗu za su sami sauƙi ko da ruwan rijiya ne a ciki, waɗansu kuma dama ba gyambo ke gare su ba, ƙwannafi ne ko tsutsar ciki. Su ne za su dawo su yi godiya a gaban jama'a. Sauran ba a ba su lasifika.

Awon gaskiya na maganin gyambo shi ne abin da ya faru bayan shekara. In an rufe gyambon amma ƙwayar tana nan, fiye da rabin marasa lafiya ciwon yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo. In an kashe ƙwayar, waɗanda yake dawo wa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Babu wani itace na ƙasashen nan da aka nuna, ta gwaji mai kyau a kan mutane, cewa yana kawar da ƙwayar daga tumbi.

Ko abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa?

Tarihin maganin gyambo kansa ya ba da amsa. A 1946 wani likita a ƙasar Holan mai suna Revers ya lura cewa masu shan wani haɗi na saiwar likoris, wani tsiro mai zaƙi, suna samun sauƙin gyambo. An ciro sinadarin, aka gwada shi a Landan a 1962 bisa ga ƙa'ida, aka ga lalle yana hanzarta warkewa. Amma tun daga farko an ga yana kumbura ƙafafu, yana hawar da jini, yana raunana tsofaffi, har aka ajiye shi da aka sami wanda ya fi shi. Asfirin da ke huda tumbi ma asalinsa daga sinadarin sassaƙen wani itace ne. Duk abin da ke da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin lahani, awo ne ke raba su.

Awon nan shi ne abin da kwalbar kasuwa ta rasa. Ƙarfin sassaƙe yana canzawa bisa ga shekarun itacen da lokacin da aka sare shi da daɗewarsa a wuta. Kanwa gishiri ce, mai hawan jini ko ciwon ƙoda da ke shan ta kullum yana ƙara wa kansa nauyi. Jiƙon da aka yi cikin barasa yana zuba wa gyambo abin da ake ƙona tumbin ɓera da shi. Mace mai ciki kuwa ba wanda ya auna mata abin da maɗaci ko darbejiya za su yi wa ɗan da ke cikinta.

Amma babban lahanin shi ne jinkiri. Gyambo yana iya cin jijiyar jini, mutum ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta. Yana iya huda tumbi gaba ɗaya, ciwo mai tsanani ya faɗo farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako. Wannan aikin tiyata ne na cikin sa'o'i, kowace sa'a da ta wuce tana rage begen tsira. Wanda ya wuce shekara arba'in da biyar kuma, yana ramewa, abinci kaɗan ya cika masa ciki, yana amai bayan ci, mai yiwuwa ba gyambo ba ne, sankara ce. Jiƙon da ya kwantar masa da zafi wata shida ya cinye masa watannin da likita zai iya yin wani abu. Daga Madekali zuwa asibitin Malanbil tafiya ce ta mashin, amma na'urar leƙa cikin tumbi sai a manyan asibitoci irin na Paraku da Kwatano, kilomita ɗaruruwa. Wanda ke zaune nesa haka ba shi da sararin jira.

Laifin da ba na mai ganye ba

Ma'auni ɗaya ne za a auna kowa da shi. Maganin asibiti ma ya yi nasa ɓatan kai. Daga 1915 likitoci sun bi tsarin wani likitan Chicago mai suna Sippy, suna ɗura wa masu gyambo madara kowace sa'a, daga baya aka gane madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci sa'an nan ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. An yanke wa dubban mutane rabin tumbi saboda cutar da ƙwayoyin mako biyu za su warkar. Cimetidine da ya fito a 1976 da omeprazole da ya biyo baya a 1988 suna rufe gyambo da sauri, amma ba sa kashe ƙwayar. Saboda haka mai sayen omeprazole huɗu huɗu a kan tebur duk lokacin da ciwo ya tashi yana cikin rami ɗaya da mai shan jiƙo. Abin da ya bambanta asibiti shi ne an ci gaba da gwaji har kuskuren ya tonu aka gyara.

Cikakken magani shi ne a gwada bayan gida ko numfashi a tabbatar da ƙwayar, sa'an nan a sha mai rage asid tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, irin su amoxicillin da clarithromycin, ko haɗin da likita ya zaɓa, har kwana 14 ba fashi. Kuɗinsa yana da nauyi ga manomi, ga ɗacin baki da tashin zuciya, shi ya sa da yawa sukan bari a kwana na biyar da zarar sun ji sauƙi. Wannan, da yawan shan metronidazole barkatai saboda kowane gudawa, ya sa ƙwayar ta fara ƙin jin magani a Afirka. Mutane ba don wauta suke zuwa wurin mai ganye ba. Yana kusa, yana jin yarensu, yana karɓar abin da suke da shi, yana kuma sauraronsu har su gama magana.

Masana ma suna da bashi a kansu. An kwashe sanin tsofaffi an rubuta da Turanci da Faransanci, an gwada a kan ɓeraye, an sami digiri, aka tsaya nan. Abin da aka gano bai komo wa mutanen da aka tambaya cikin harshen da suke ji ba, sai guntunsa da ya faɗa hannun 'yan talla. Ba kuwa don abin ya gagara ba ne. A Nijeriya wani fasto mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ya ba cibiyar Abuja haɗinsa na ciwon sikila, wanda akwai masoro da kanumfari a ciki. Farfesa Charles Wambebe da mutanensa suka gwada shi a kan marasa lafiya, suna kwatanta shi da holoƙon ƙwaya, suka buga sakamakon a 2001, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Irin wannan gwaji ne domashi da hano da sabara suke jira. Tun da ƙwayar tana ƙara taurin kai ga magungunan Bature, bukatarsa ta ƙaru.

Hukunci

In an tattara, maganar yunwa kuskure ce, maganar gwaji rabin gaskiya ce, maganar rashin lahani kuwa ƙarya ce. Itatuwan da kansu ba su faɗi a ma'auni ba, shari'arsu ce ba a gama ba. Matsayin da shaida ta ba su shi ne na mai sanyaya ciwo da mai taimaka wa tumbi. Miyar kuɓewa da ta karkashi ba za su cuci mai gyambo ba. 'Yar mai ganye da ta san iyakar saninta, wadda ke ce wa mai aman jini ya tafi asibiti yanzu, abokiyar aikin likita ce, ya kamata a girmama ta. Wanda ya cancanci zargi shi ne mai cewa kwalba ɗaya tana tumɓuke olsa har abada, tare da basir da shawara da ciwon sukari.

Mai ciwon ciki da ya wuce mako biyu yana da abubuwa huɗu a hannunsa. Ya daina ƙwayoyin kashe ciwon jiki da taba da giya, in ciwon jiki ya matsa ya sha parasitamol. Ya nemi a gwada shi ko yana da ƙwayar. In an rubuta masa maganin kwana 14, ya shanye shi duka, dangi da 'yan'uwa a ikkilisiya su taimaka da kuɗin, gama ya fi kuɗin tiyata sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma yana shan wani jiƙo, ya faɗa wa likita sunansa ba tare da kunya ba. Wanda aka miƙa wa kwalba a kasuwa kuwa yana da ikon yin tambaya uku: wane itace ne a ciki, a kan mutum nawa aka gwada shi, su nawa ne ciwon bai dawo musu ba bayan shekara? Mai gaskiya zai amsa abin da ya sani, ya yi shiru a kan sauran. Wanda ya husata da tambayar, a bar masa kwalbarsa.